Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisun Gudanarwa Na Kwalejojinmu: A Rubuta Wanda Ke Da Ta Cewa A Kan Kowane Batu

Zuwa ga shugabanni da mambobin majalisun gudanarwa na kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, mu ne malaman da ke aji, da ma'aikatan da ke ofisoshi da ɗakunan gwaji da wuraren koyon sana'a na makarantun da aka damƙa muku amanarsu. Buƙata ɗaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Muna roƙon kowace majalisa ta zartar da rubutacciyar ƙa'ida da za ta fayyace, batu bayan batu, wanda ke da ta cewa a kansa, da matakin da za a saurare shi, da abin da ya wajaba a kan hukuma idan ta ƙi karɓar shawararsa.

Kwamitoci kam akwai su birjik: Hukumar Harkokin Karatu, kwamitin ɗaukar aiki da ƙarin girma, na kuɗi, na kwangila, na ladabtarwa. Gyaran da aka yi wa dokar kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya a 2019 ya mayar da wa'adin shugaban kwaleji shekara 5 sau ɗaya tak, ya kafa Babban Taron Ma'aikata, ya kuma ba wakilansa da na Hukumar Karatu kujeru a majalisarku. Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ita ma ta zo da wa'adin shekara 5 sau ɗaya. Mun yaba da wannan ƙwarai. Sai dai samun kujera daban, nauyin maganar mai kujerar daban. Yau idan Hukumar Karatu ta ce kaza, hukumar makaranta ta yi akasin haka, galibi shi ke nan, babu mai bin ba'asi. Cike wannan giɓi yana hannunku, ba sai an koma Majalisar Dokoki ba.

Akwai inda aka yi wannan aiki dalla-dalla, a makarantu masu kama da namu. Jihar Kalifoniya ta Amurka tana da kwalejojin al'umma 116 a ƙarƙashin gundumomin ilimi 73. Akasari karatun shekara biyu ne, suna ɗaukar ɗan unguwa da mai aiki da rana ya yi karatu da yamma, da mai neman sana'ar jinya ko walda ko gyaran mota, da mai son ya haye jami'a daga baya. A 1988 Gwamna George Deukmejian ya sa hannu a dokar da ake kira AB 1725, wadda ɗan majalisa John Vasconcellos ya gabatar. Dokar ta wajabta wa hukumar amintattu ta kowace gunduma, wato takwarar majalisarku a can, ta buɗe wa malamai da ma'aikata da ɗalibai hanyar shiga cikin tafiyar da kwaleji, ta kuma ce majalisar malamai ce ke da alhakin farko na ba da shawara a kan manhaja da ma'aunin karatu.

Ba su tsaya a nan ba. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun jero batutuwan da sunayensu, har ake musu laƙabi da 10+1. A ciki akwai manhaja, da sharuɗɗan ba da shaidar kammala karatu, da tsarin ba da maki, da ƙirƙiro sabbin kwasa-kwasai, da ma'aunin shirin ɗalibi da nasararsa, da matsayin malamai a tsarin mulkin kwaleji, da rawar da za su taka wajen tantance ingancin kwaleji, da manufofin ƙaro ilimin malamai, da hanyar bitar kowane sashe, da hanyar tsara makomar kwaleji da shirya kasafin kuɗinta. Na goma sha ɗaya shi ne duk wani batun karatu da ɓangarorin biyu suka yarda a ƙara.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mataki na gaba. A kan kowane ɗaya daga cikin batutuwan nan, hukumar amintattu tana zaɓar ɗayan hanyoyi biyu, ta rubuta zaɓin a manufarta. Hanya ta farko, ta dogara da shawarar majalisar malamai: abin da majalisar ta kawo shi za a karɓa, sai fa a yanayi na musamman da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma idan aka ƙi, malamai suna da haƙƙin neman dalilin a rubuce ba da ɓata lokaci ba. Hanya ta biyu, a cim ma yarjejeniya a rubuce. Idan aka kasa, tsohuwar manufa ce za ta ci gaba da aiki, sai dai in barinta zai jefa gundumar cikin shari'a ko matsin kuɗi mai tsanani. A duka hanyoyin, hukunci na ƙarshe yana hannun hukumar amintattu, ba wanda ya ƙwace mata iko. Abin da aka hana ta shi ne ta ture shawarar masana ta yi gum. Shugaban da ya san zai sa hannu a ƙarƙashin dalilinsa, kuma takardar za ta zauna a fayil bayan ya bar kujera, yakan sake tunani kafin ya ture.

Mun san akwai bambanci. A can jama'ar gari ne ke zaɓar amintattun, a nan gwamnati ce ke naɗa mafi yawanku. A can malaman kwaleji ke tsara manhajarsu, a nan hukumar ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) da ke Kaduna da hukumar kwalejojin ilimi ta ƙasa (NCCE) da ke Abuja ke gindaya mafi ƙarancin ma'auni. Don haka ba kwafar jerinsu za a yi ba. Namu jerin, a ganinmu, ya kamata ya ƙunshi amincewa da sakamakon jarrabawa, da yawan ɗaliban da kowane sashe zai ɗauka, da kalandar karatu, da buɗe sabon kwas ko rufe tsoho, da hukuncin satar amsa, da shirin karɓar masu tantancewa, da rabon guraben ƙaro karatu. Biyun farko, ku sa su a hanyar dogaro da Hukumar Karatu. Kalanda da kasafi, ku sa su a hanyar yarjejeniya, domin kuɗi da albashi da alƙawarin gwamnati duk suna shafarsu.

Ku dubi maganar yawan ɗalibai, domin a nan aka fi samun ɓaraka. Hukumar tantancewa takan ƙayyade adadin da aji zai ɗauka gwargwadon malamai da kayan aiki. Sai buƙatar kuɗin shiga ta taso, a ninka adadin daga ofis, sashe ya tsinci labari ranar da ɗalibai suka cika ƙofa. Daga nan sai darasin gwaji ya koma kallo: malami ya yi, ɗalibai na tsaye a bayansa, na baya ba ya ganin komai. Takardun jarrabawa su fi ƙarfin mai dubawa, sakamako ya makara, masu zuwa bautar ƙasa su rasa rukuninsu. Ranar da masu tantancewa za su zo kuma a shiga aron kayan aiki da aron malamai. Da ƙa'ida ta ce sai Hukumar Karatu ta sa hannu a kan adadi kafin a buɗe shafin rajista, da wanda ke son ninkawa ya rubuta inda zai samo malamai da ɗakunan gwaji.

Sannan ita kanta Hukumar Karatu sai an ba ta lokacin da za ta yi aikinta. Kowa a cikinmu ya san zaman duba sakamako: a shiga zaure da safe, a miƙo wa kowane mamba tulin takardu a bakin ƙofa, wasu da ɗumin injin bugawa a jikinsu, shugaban tsangaya ya tashi ya karanto jimlar waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, a ce an amince, a wuce na gaba. Kafin azahar an sa albarka a kan makomar dubban yara, alhali babu wanda ya buɗe shafi na uku. Kuskuren lissafin maki, da ɗalibin da aka manta kwas ɗinsa na maimaici, da sunan da ya bayyana ba tare da rajista ba, duk ta nan suke sulalewa. A Kalifoniya, dokar Brown ta 1953 ta ce a liƙa ajandar taro awa 72 kafin zama na yau da kullum, awa 24 kafin zama na musamman, kuma ba a yanke hukunci a kan abin da ba ya cikin ajanda sai da uzurin da doka ta sani. Majalisun malamai ma suna ƙarƙashinta. Mu muna neman kwana 7 ga takardun majalisarku da na Hukumar Karatu. Duk wata sabuwar manufa kuma a karanta ta sau biyu: a zaman farko a gabatar, wakilai su kai wa waɗanda suka turo su, a zama na biyu a kaɗa ƙuri'a.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi mantawa da shi, wato ma'aikatan da ba sa koyarwa. A al'adar manyan makarantunmu, Babban Taron Ma'aikata na malamai ne da ma'aikata masu digiri ko makamancinsa. Ke nan direba da mai gadi da mai gyaran famfo da mai shara da ƙaramin akawu ba su da inda za su faɗi abin da suka gani, sai ta bakin ƙungiyar ƙwadago, ita ma sai abu ya ɓaci. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce an samu kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, za a sayi injin sassaƙa ƙarfe don sashen injiniya. Kwamiti ya zauna, ya zaɓa daga kundin ɗan kwangila, aka kawo injin mai buƙatar wuta mai layi uku, ɗakin kuwa layi ɗaya gare shi, ƙofarsa ma injin ba zai shige ta ba. Sai ya zauna a baranda cikin akwatinsa, damina ta wuce ta kansa, garantinsa ya ƙare ba a taɓa kunna shi ba. Mai kula da ɗakin zai iya faɗin wannan cikin minti biyar da an tambaye shi kafin a rubuta takardar oda. Haka ma'aikacin rajista ya san ranar da shafin intanet zai cushe, haka mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai ya san rijiyar burtsatsen da za ta ƙafe a watan Afrilu.

A Kalifoniya ƙa'ida ta ce a ba irin waɗannan ma'aikata damar shiga tun lokacin da ake tsara manufar da za ta shafe su sosai, kuma kada hukuma ta zartar kafin a ba su wannan dama, sai a halin gaggawa da ba a zata ba. Kwalejoji da yawa suna da majalisar ma'aikata ta kansu, daban da ƙungiyar ƙwadago. Muna roƙon ku kafa irinta a kowace kwaleji, manya da ƙananan ma'aikata su zaɓi wakilansu sashe sashe, ku kuma ba ta kujera mai ƙuri'a a kwamitin kasafi da na sayen kaya da na tsaro da na gine-gine. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ba zai halarci taro ba muddin maigidansa na ofis zai ɗauka ya gudu daga aiki. Sai a rubuta cewa awannin taron kwamiti awannin aiki ne, kuma ba a hukunta wakili ko a sauya masa wurin aiki saboda abin da ya faɗa a zama.

Wa zai zaɓi wakilan? Wannan tambaya ita ce ke raba tsarin gaskiya da na ganin ido. A Kalifoniya majalisar malamai ce ke naɗa malaman da za su zauna a kwamitocin da suka shafi karatu, bayan ta tuntuɓi shugaban kwaleji. A nan kuwa mafi yawan masu zama a Hukumar Karatu shugabannin sassa ne da na tsangayu, kuma a wurare da dama naɗa su ake yi daga sama. Wanda aka naɗa, kuma ana iya sauke shi gobe da takarda guda, da wuya ya ɗaga hannu ya saɓa wa wanda ya naɗa shi, ko da mutumin kirki ne. Maganin shi ne zaɓe a asirce a matakin sashe da tsangaya, da wa'adin shekara 2, a riƙa sauya rabin zaɓaɓɓun wakilai kowace shekara don kada sanin aiki ya tafi gaba ɗaya a rana guda.

Muna kuma son a ja layi tsakanin aikin ƙungiya da aikin majalisa. Albashi da alawus da sharuɗɗan aiki na ƙungiyoyin ƙwadagonmu ne, wato ASUP da COEASU na malamai, da SSANIP da SSUCOEN da NASU na sauran ma'aikata, kuma wannan ƙa'ida ba za ta taɓa haƙƙinsu na ciniki ba. A Kalifoniya ma an rubuta hakan ƙarara, bayan an sha ja-in-ja a kan wanda zai naɗa wakilan ma'aikata har sai da wata doka ta 2001 ta ba ƙungiyar ƙwadago wannan hurumi. Ku daidaita wannan tun farko, ku zauna da ƙungiyoyin. Inda babu hanyar da za a ji malami a kan kalanda ko cunkoson aji, kowane ƙorafi sai ya bi ta ƙungiya, ƙungiya kuwa makaminta wa'adi ne da yajin aiki, ɗalibi kuma shi ke kwana a ciki.

Batun kuɗi gajere ne. Kwamitin da ba ya ganin lambobi ba shi da abin da zai ba da shawara a kai. A kawo masa rahoton kuɗin shiga da na fita duk bayan wata 3, sashe sashe, har da kuɗin karatun yamma da na ƙarshen mako, waɗanda su ne aka fi yin ƙus-ƙus a kansu. Buƙatun sassa su iso wata 3 kafin a rufe daftarin kasafi, a jera su bisa ma'aunin da aka amince da shi tun kafin a ga sunan mai nema, wanda bai samu ba a gaya masa matsayinsa a layi.

Akwai kuma ƙofar bayan da ke rusa duk wannan: amincewar gaggawa. Shugaban kwaleji ya kira shugaban majalisa, a zartar, a kawo wa zama daga baya don a sa hannu. Gaggawa ta gaskiya tana faruwa, gobara ko rufin da iska ta yaye. Amma ƙarin kuɗin makaranta da ɗaukar sabbin ma'aikata da buɗe sabon sashe ba sa cikin wannan. A rubuta abin da ake nufi da gaggawa, a sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa ta wannan hanya, a sanar da mambobi cikin awa 48. Haka nan kada a zartar da babbar manufa lokacin hutun ƙarshen shekara ko lokacin yajin aiki, sa'ad da masu ta cewa ba sa nan.

Ranku ya daɗe, ba za mu ɓoye muku ba, wannan tsari yana lalacewa idan aka sake masa. Kwalejin birnin San Faransisko da ke Kalifoniya, mai ɗalibai fiye da 80,000 a lokacin, ta shiga tsaka mai wuya a Yulin 2012, da hukumar tantancewa ta nemi ta kawo dalilin da zai hana a janye mata amincewa. Cikin laifukan da aka lissafa har da raunin tsarin kuɗi, inda albashi da haƙƙoƙin ma'aikata ke cinye sama da kashi 90 cikin 100 na kasafi, da tsarin yanke shawara mai sarƙaƙiya da jan ƙafa. A Yulin 2013 aka yanke hukuncin janyewar, jiha ta ɗauke ikon zaɓaɓɓun amintattu ta damƙa wa mutum ɗaya, Robert Agrella. Lauyan birnin ya kai hukumar tantancewar kotu, alƙali ya dakatar da rufewar, daga baya ya sami hukumar da saɓa ƙa'ida a wasu matakai, sai a Janairun 2017 kwalejin ta sami cikakkiyar amincewa ta shekara 7. Har yau ana gardama a kan ko an yi mata adalci. Abin da babu gardama a kai shi ne ɗalibai masu yawa sun gudu a shekarun nan, kuma waɗanda suka fi kowa son a ji muryarsu sun wayi gari mutum ɗaya ke yanke musu komai.

Saboda haka ƙa'idar da muke nema ta ɗaure mu kamar yadda za ta ɗaure ku. Kowane kwamiti ya kasance da takardar aiki shafi ɗaya: me aka kafa shi ya yi, wa yake kai wa rahoto, mutum nawa ne, nawa za su halarta kafin zama ya inganta. Mambobi kada su wuce 9 zuwa 11, domin fiye da haka taron jawabi ne. Batun da aka miƙa wa kwamiti ya fito cikin kwana 30, in bai fito ba hukuma ta wuce gaba, laifin na kwamitin ne. Wakilin da ya yi fashin zama 3 a jere ba uzuri, a sake zaɓe. Bayanin taro ya fito cikin mako 2, a liƙa a allon sanarwa da shafin kwaleji, ban da abin da ya shafi sirrin mutum kamar ladabtarwa da rashin lafiya. Kwamitin da ya shekara bai kawo shawara ko ɗaya ba, a rushe shi ko a haɗe shi da wani. Kuɗin zama kuma kada ya zama dalilin kiran taro.

Dalilin da ya sa muke gaggauta ku shi ne majalisa ba ta dawwama. A Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwa na makarantunta, aka yi kusan shekara guda kafin a naɗa sabbi a 2024. A jihohi ma sauyin gwamna kan zo da irin wannan. A irin wannan tsakani komai yakan koma hannun shugaban kwaleji da ma'aikatar ilimi. Ƙa'idar da kuka zartar, ta shiga kundin dokokin cikin gida na kwaleji, za ta ci gaba da aiki ko ba ku nan, kuma ita za ta kare shugaban kwalejin kansa daga zargin da bai ji ba bai gani ba.

Ga yadda muke ganin za a yi aikin cikin zangon karatu ɗaya. A zamanku na gaba ku kafa kwamitin mutum 9: biyu daga cikinku, biyu daga hukumar makaranta, biyu da Hukumar Karatu za ta zaɓa, biyu da ma'aikata za su zaɓa, ɗayansu ƙaramin ma'aikaci, sai ɗalibi ɗaya, Magatakarda kuma ya riƙe alƙalami. Makonni 4 na farko su tattaro duk kwamitocin da ke akwai da hukunce-hukuncen shekara 2 da suka wuce, su ga ta inda kowanne ya bi. Makonni 4 na biye su rubuta daftari, shafi 5 ko 6 ya wadatar, da jadawali mai layi uku: batu, mai shawarar farko, hanyar warware saɓani. A fassara shi da Hausa da duk harshen da ƙananan ma'aikatan wurin suka fi ji, a karanta musu a taro. A ba kowa kwana 21 ya kawo gyara a rubuce. Lauyan kwaleji ya duba kada wani sashe ya ci karo da dokar da ta kafa makarantar. Sannan ku karanta shi a zama biyu ku zartar, ku sa ranar da za a sake bitarsa bayan shekara 2.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wasu daga cikin malamai da ma'aikatan kwalejojinku.